Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Sirdin Baba

Makon jiya na tsaya a inda na ajiye alli na bar lakwal. Wasu sun rubuto mini wai aljanu ne suka taɓa ni. Ba aljanu ba ne, da hankalina na yi. Ni malamin kwantaragi ne a lokacin, kuɗin wata sai ya ga dama yake zuwa, mai shagon unguwa ya fara gaishe ni da ido ɗaya. Ana cikin haka, a 2011, dawakina huɗu da na zuba wa kuɗi a cacar tseren doki suka shigo, ko da yake ba a jere ba, aka ƙirgo mini jika 380 a hannu. Albashin wata nawa ke nan? Na yi lissafin a kan hanya, kafin in iso gida na riga na sallami kaina daga aiki.

Baba yana da rai a lokacin, yana kwance a zaure. Na kai masa goro da sukari da yadi biyar na shadda. Ya shafa yadin, ya tambayi inda na samu. Da na faɗa masa sai ya ture shi da bayan hannu, ya ce, "Dokin da ba ka ba harawa ba, ba ya ba ka tuwo." Bai ƙara ko kalma ba. Kun san shi, shekarunsa duka a barga ya yi su, doki in ya yi tari da dare Baba ya san abin da ya ci da rana. Ni kuwa a raina na ce tsoho ya san dokin turke, bai san na takarda ba.

Na takardar kuwa na san shi, wannan ko maƙiyina ba zai musa ba. Kullum da sassafe ina kiyos, in karɓi takardar tseren ranar, in wuce fada inda ake dafa shayi. Dawakin suna can Faransa, a Vincennes ko Longchamp ko Auteuil, mu muna nan Maraɗi a gindin bedi muna yi musu hukunci. A gaban sunan kowane doki akwai jerin lambobi da haruffa, tarihin tserensa na baya, 'yan fada suna ce masa mizik. In ka ga 1a ya zo na ɗaya yana jan keke, in ka ga 0 ya ɓace a baya, in ka ga D an kore shi. Korar nan ita ce masifar tseren sassarfa: doka ta ce sassarfa kawai, doki yana ɓarkewa da sukuwa alƙalai su cire shi, ko da shi ne a gaba. Na san wanda ake cire wa takalman ƙarfe huɗu don ya ƙara sauri, na san wanda ba ya son hawan tudun Vincennes, na san uban kowane da uwarsa. Na ɓata kaye bakwai da wannan ilimi. Ɗaliban da na bari ban taɓa yi musu shirin darasi kamar yadda nake yi wa dawakin nan ba.

Abin da ban rubuta a kaye ko ɗaya ba shi ne yadda kuɗin ke tafiya, alhali na sani. Ba da doki kake caca ba, da 'yan'uwanka kake yi. Duk abin da aka zuba a tara shi wuri ɗaya, masu gudanarwa da gwamnati su cire kasonsu, saura a raba wa waɗanda suka dace. In ka bi dokin da kowa ya bi, ku ci ku dubu, kowa ya tashi da kuɗin shayi. In ka bi wanda ba a kula da shi ba, sai ka shekara kana jiransa. Tukunya ce da ake ɗebe wa kai kafin a raba, kullum. Malamin lissafi ne ni fa. Amma ina zuba jika biyu a rana, ran Lahadi biyar, ina ce wa uwar yara jari ne.

Yaya Babba yana yawo da zancena har yau, a suna da biki, wai ni na ƙarasa Baba da baƙin ciki. To Yaya, tunda na san ana karanta maka, ka faɗa musu wa ya kwana da shi a asibiti dare goma sha ɗaya. Ka kuma faɗa musu wa ya zo bayan sallar isha'i, shekarar da na ci, yana rage murya yana cewa, "Ƙanena, ba ni lamba uku mana, kada ka faɗa wa kowa." Na ba ka. Ba su shigo ba, shi ne ka tuba.

Baba ya rasu da damina a 2012. Wajen rabon gado gona ta tafi inda ta tafi, ba yau zan buɗe wannan ba. Ni abin da na roƙa sirdinsa ne, da linzami da likkafar tagulla. Sirdin ya yi baƙi don tsufa, goshinsa ya yi santsi a inda yake dafa hannu, in ka kai hanci har yanzu da warin gumin akawal ɗin da ya hau a hawan sallarsa ta ƙarshe. Na rataye shi a ɗaka, na hana yara taɓawa.

Wata shida ya yi a rataye.

Akwai babban tseren sassarfa da ake yi a Vincennes ranar Lahadin ƙarshe ta watan Janairu, Prix d'Amérique, mita 2,700. Wani doki Ready Cash ya ci shi a 2011, ya sake ci a 2012, Franck Nivard ne ke riƙe da linzaminsa. Da 2013 ta kama, duk fada babu mai shakka zai yi na uku. Akwai wani mutum da ke zuwa da jaka a hammata, yana sayar da lambobi a ninke cikin takarda, wai yana da ɗan'uwa mai share barga a can. Ni da kayena bakwai, ni da ke yi wa masu sayen takardarsa dariya, ranar na saya. Bashin haya ya kai wata huɗu, an koro babbar yarinyata kan kuɗin makaranta. Na ce bugu ɗaya zan yi in huta.

Da asuba na sauke sirdin na naɗe shi a buhu don kada maƙwabta su gane. Uwar yara tana bakin murhu, ta dubi buhun ta dube ni, ta ce, "Malam, likkafa ta leƙo." Na tura ta ciki na fita. Dillalin ya juya shi ya ƙwanƙwasa, ya ce itacen ya tsufa, ya taya jika 45. Na san tagullar kaɗai ta fi haka. Na karɓa.

Duka na zuba, na sa Ready Cash a kai, na jera sauran a bayansa ta kowace fuska. Da sanyi agogonmu da na Faransa ɗaya ne, don haka da la'asar muna cike a gaban talabijin, ba mai ko tari. Royal Dream ya ci. Ready Cash ya zo na biyu. Dawakin mai jaka kuwa ko ƙurarsu ban gani ba, shi ma daga ranar ban sake ganinsa ba. Wani yaro a bayana yana ta tsalle ya ci kuɗin shayi, ni ina zaune da tikiti cike da aljihu, ba abin da ke yawo a kaina sai harawa da tuwo.

Shekaru uku bayan haka ɗan Ready Cash ɗin, Bold Eagle, ya ci tseren, ya kuma maimaita a 2017. Lokacin ina tuƙa kabu-kabu, a rediyon wani mai shayi na ji, kuma wallahi sai da na ce a raina ai na san jinin gidan. Har yanzu abin bai gama fita ba ke nan.

Sirdin na gan shi sau ɗaya, a hawan salla, a bayan wani kili, wani saurayi a kai yana ta ƙwambo. Likkafar na fara ganewa. Na bi su a ƙasa tun daga ƙofar fadar sarki har kusa da kasuwa, ban san me zan ce masa ba in ya tsaya, bai kuwa tsaya ba. Mako mai zuwa zan faɗi yadda uwar yara ta tafi gidansu, da abin da Kawu ya ce mini da na je biko.