Kwana Biyu a Fumban, Garin Masassaƙan Bamun

Mun tashi daga unguwar Birketari ta birnin Yawunde bayan sallar asuba, muka haye kogin Sanaga a gadar Ebebda, muka yada zango a Makenene inda fasinjoji ke cin gasasshiyar ayaba da nama, sannan muka isa Bafusam da azahar. Daga nan zuwa Fumban, babban birnin masarautar Bamun a yammacin Kamaru, tafiyar kimanin kilomita 70 ce. Abin da ya kai ni shi ne fuskokin itacen nan masu kumburarrun kumatu da na daɗe ina gani a hannun 'yan koli, domin na so in ga gidan da suka fito, in kuma ji abin da masu su ke cewa a kansu.

Washegari na fara da fada, ginin jan bulo mai benaye wanda Sarki Ibrahim Njoya ya gina a 1917. Kusa da ita akwai sabon gidan tarihi da aka buɗe a 2024, wanda aka gina da siffar tambarin masarautar, wato maciji mai kai biyu da gizo-gizo a bisansa, ga kuma kuge. Jagoranmu ya bayyana cewa macijin yana tuna Sarki Mbuembue wanda ya yi yaƙi ta fuska biyu a lokaci guda, gizo-gizon kuwa alamar hikima ce da aiki tuƙuru, domin da gizon ƙasa masu duba na wannan yanki suke neman sanin abin da ke tafe. Tun daga bakin ƙofa ke nan mutum zai fahimci cewa a nan kowace dabba da aka sassaƙa magana ce. Damisa da giwa da ɓauna na sarauta ne, kuma a da talaka ba ya isa ya sa a yi masa su a kujera ko a dogaran ƙofa.

Na fi daɗewa a gaban fuskokin. Yawancinsu ba a kan fuska ake ɗaura su ba, a bisa kai ake ɗora su, sai a lulluɓe fuskar mai ɗauke da su da saƙaƙƙen ƙyalle, a rufe jikinsa da babbar riga har ƙasa, ta yadda ko mahaifiyarsa ba za ta shaida shi ba. Jagoran ya yi mana bayanin ƙungiyar Mutngu, wadda ita ce ke tsare doka da zartar da hukunci a madadin fada. A fahimtata, nan ne ƙarfin abin yake. Idan manzon hukunci ya zo da fuskarsa a buɗe, ɗan wane ne, kuma gobe ana iya ramawa a kan danginsa. Idan kuwa ya zo a rufe, masarauta ce da kakanni suka zo, babu wanda za a riƙe a zuciya. Bahaushe ya san irin wannan a dodannin wasu ƙabilun kudancin Kaduna da Filato, inda manya suka san wanda ke ciki amma ba mai faɗa.

Wannan iko bai bar sarki kansa ba. A bikin Nguon, wanda Turawan Faransa suka hana a 1924, aka farfaɗo da shi a 1993, kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin gadon al'adun duniya a 2023, sarki yana sauka daga karaga ya tsaya a gaban jama'a, 'yan ƙungiyar asiri su karanto koke-koken da suka tattaro daga ƙauyuka, kuma sai an wanke shi yake komawa ya zauna. Duk shekara biyu ake yin sa, ni kuwa zuwana bai dace da lokacin ba.

A gidan tarihin kuma akwai karagar da aka lulluɓe da duwatsun ado da wuri, da siffar namiji da mace a tsaye a bayanta. 'Yar uwarta, Mandu Yenu ta Sarki Nsangu, Njoya ya ba Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu ita a 1908, lokacin da Jamusawa ke mulkin Kamaru, kuma har yau tana Balin. Ana kiran abin kyauta, amma ni dai ina shakkar kyautar da mai mulkinka ya nuna yana so. Njoyan nan, wanda ya ƙirƙiro wa harshensa rubutu ya kuma karɓi Musulunci bayan hulɗarsa da Fulanin Banyo da fataken Hausawa, a gudun hijira ya rasu a Yawunde a 1933.

Da la'asar na gangara layin masu sana'a, inda maƙeran tagulla ke ƙera siffa da kakin zuma, su lulluɓe ta da yumɓu, su narkar da kakin su zuba ƙarfe a gurbinsa. Na zauna wajen wani dattijon masassaƙi mai jin Hausa, wanda na tarar ya idar da salla a gefen tarin fuskokin da yake shafa wa baƙin mai don su yi kamar tsofaffi. Na ce, "Baba, Musulmi da wannan aiki, zuciya ba ta ɗar-ɗar?" Ya yi murmushi ya ce, "Malam, wannan itace ne kawai. Ba ta taɓa shiga fada ba, ba wanda ya taɓa rawa da ita, ba a yi mata komai ba." Ya ƙara da cewa wadda aka keɓe wa ƙungiya ba a shanya ta a rana a gaban baƙi, kuma ko shi da ya sassaƙa ta, da zarar ta bar hannunsa ba ya da ikon taɓa ta yadda ya ga dama.

Na sayi wata ƙarama mai siffar ɓauna bayan doguwar ciniki, ya naɗe mini ita a tsohuwar jarida. A hanyar komawa, a wani shinge kafin Bafusam, jami'i ya kwance ƙunshin ya jujjuya ta, ya shinshina, ya ce man bai ma bushe ba, ya miƙo mini abata muka wuce.