Rigar fata da kwalliyar doki a wurin mutanen Umatilla

Jama'a akwai wata ƙabila a Amurka da ake ce ma Umatilla, suna cikin mutanen da Turawa suka iske a ƙasar, waɗanda mu nan finafinan kaboyi suka sa muke ce ma Jajayen Indiyawa. Suna zaune arewa maso gabashin jihar Oregon kusa da garin Pendleton, su da 'yan uwansu Cayuse da Walla Walla, tun yarjejeniyar 1855 da aka karɓe mafi yawan ƙasarsu aka bar musu wani yanki. Kayan bikinsu ne ya hana ni sakat kwanan nan, don ni jikan dukawa ne, in na ga aikin fata sai na tsaya na duba ɗinki.

Rigar matansu ta asali fatar barewar ƙasarsu ce guda biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, a naɗo wajen gindin fatar a kafaɗa har wutsiyar dabbar ta zauna daidai ƙirji, ba su yanke ta ba, da gangan suke barin ta. Ƙasan rigar da hannuwa duk geza ce an tsattsaga. Jimar kuwa nan na riƙe baki, mu majemanmu da bagaruwa suke aiki, su da ƙwaƙwalwar dabbar suke murje fatar har ta yi laushi kamar yadi sannan a turara ta da hayaƙi, wanda shi ke sa ko ruwa ya taɓa ta ba ta ƙandarewa in ta bushe. Da jijiyar dabba ake ɗinki a da, da basilla, huda ɗaya ɗaya, kuma galibi aikin mata ne, kaka ta koya ma jika.

Sai abin da ake jerawa bisa rigar. Akwai wata ƙatuwar dabbar dawa mai rassan ƙaho da suke kira elk, haƙora biyu kacal ke gare ta masu santsi da ake ado da su, to lissafa da kanka, mace ta fito da riga haƙori jere reras gaba da baya, ai ba sai an gaya maka gidansu akwai maharba ba. Akwai kuma wani farin kwanson teku siriri mai kama da ɗan haure, daga bakin tekun Pasifik yake zuwa hannu zuwa hannu ta kasuwannin kogin Columbia, irin ta Celilo wadda madatsar ruwa ta haɗiye a 1957.

Na nuna ma wani abokina hotunan a majalisarmu nan Birnin Kebbi bayan isha'i, ya ƙura ma waya ido ya ce, "Haba malam, wanga ai kayan Bature ne, duwatsun gilashi da bargo mi ya haɗa su da gargajiya?" Gaskiya ne 'yan duwatsun adon nan masu launi da suka lulluɓe kafaɗun riga da takalma fatake ne suka kawo su daga Turai, bargon ulu da suke yafawa kuma suke kyauta da shi wurin biki da rasuwa yawanci na masaƙar Pendleton ne da aka buɗe 1909. Kai dokin ma da suka shahara da shi baƙo ne, sai wajen shekarun 1700 ya iso musu ta hanyar dawakin da Sifaniyawa suka shigo da su. Amma ni ban yarda da shi ba ko kaɗan. Alkyabbar da hakimi ke yafawa ranar hawan sallah ta hamada ta ƙetaro, shaddar da ke cikinta ma wata daga Ostiriya take, wa ya taɓa cewa ba kayan sarautar Kabi ba ne? Bature ya sayar da dutse a buhu ne, wadda ta zauna wata da watanni tana zaɓen launi tana fitar da fure da zane mai kusurwa ita ke da aikin. Ya ce ni dai son fata ne ya rufe min ido, muka bar ta nan.

Inda za ka ga abin sosai shi ne bikin wasan kaboyi da dawaki na Pendleton Round-Up da ake yi kusan duk Satumba tun 1910, iyalai su kafa tantunansu masu tsini ɗaruruwa, a yi jerin gwano ba mota ko ɗaya. Doki na shan kwalliya daidai da mai shi, abin ƙirji da aka cika da duwatsu, shimfiɗar sirdi mai geza, wani har fuska ake rufe masa sai ido, ga jakunkunan da ake saƙawa da zaren wata ciyawa da ɓawon masara rataye a gefe. Da yawa gado ne, ana ajiye su cikin akwati sai ranar fita. Matan kuma suna da wata hular saƙa mara baki da suke sawa lokacin bikin godiya na saiwoyin daji, wanda ibadarsu ce.

Gashin gaggafa shi ne ƙololuwa, ba ka sayen shi, ba ka ake yi. In ya faɗi ƙasa ana cikin rawa sai a tsaya cak, a kira tsohon soja ya ɗauka. Dokar Amurka ta 1940 ta hana kowa riƙe shi, ɗan ƙabila mai rajista ne kawai zai cike fom ya aika ma'ajiyar gwamnati a Colorado inda ake tara gaggafar da ta mutu, ya zauna jiran layi, wani lokaci shekaru kafin a aiko masa.