Sa hannun da na yi a 2012

Jiya bayan la'asar na iske ɗan ƙanwata a zaure ya baje kwalin taliya yana rubutu, wai in an sake fita zanga-zanga shi ne gaba. Na ce, in 'yan sanda suka damƙe ka me za ka ce? Ya ce, "Kawu, ai sai in gaya masu gaskiya." Gabana ya faɗi.

A Janairun 2012 gwamnatin Jonathan ta janye tallafin mai, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141. Ina ɗinki wajen Ƙofar Marusa, na rufe shago na bi jama'a. Har gobe ban ce fitar laifi ba ce. Bakina ne ya ja mani. Da 'yan sanda suka kama ni, tun a bayan mota na fara zuba, ba wanda ya tambaye ni. A kantar ofishinsu aka ce da su wa kuka fito, na lissafa mutum uku. Aka turo takarda da Turanci, rubutu kamar tafiyar tsutsa, wai in sa hannu in tafi gida. Na sa. Kwana huɗu na yi.

To amma wanda bai taɓa kwana kan siminti cikin hunturu, ba riga, kusa da bokitin fitsari ba, kada ya yi mani dariya. Ko ma dai yaya, ɗaya cikin ukun da ba a samu ba, yayansa aka ɗauka. Har yau gaisuwarmu ba ta wuce "lafiya lau". Inna kuma tunkiyarta ta sayar don beli, alhali beli kyauta ne.

Daga baya na san cewa sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 ya halatta taro cikin lumana, kuma tun 2007 kotun ɗaukaka ƙara ta ce ba sai da izinin 'yan sanda ba. Sashe na 35 ya ce kana iya yin shiru sai ka ga lauya, kuma a kai ka kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tsakanin kilomita 40. Dokar 'yan sanda ta 2020 ma ta hana kama wani a madadin wani.

Na so in jero maku shawara goma, amma ku yaran yanzu wa ke saurare? Kun ga yaran da aka kwasa a zanga-zangar Agustan 2024, har wasu suka yanke jiki suka faɗi a kotun Abuja, ku kuwa sai ɗaga waya ana bidiyo. Ku zauna gida kawai. A'a, in za ku fita ku fita, haƙƙinku ne, amma ba dutse, ba taɓa kayan kowa. In an kama ka kada ka yi kokawa, kada ka karanto wa mai bindiga sashe na 40 a titi. Faɗi sunanka, ka ce lauya kake so, ka ja bakinka. Takardar da ba ka karanta ba, kada ka sa mata hannu.

Na ce da yaron, in sun karɓe wayar, karanto mani lambar uwarka da ka. Ya kai lamba ta biyar ya tsaya yana sosa ƙeya.