Fayil ɗin da ya tsaya min a rai

Jiya na miƙa katin aiki, na bar sashen karɓo bashi bayan shekara tara, kuma wallahi har yanzu fayil ɗaya ne yake ci min rai.

Wani ɗan kasuwa ne a Abuja ya karɓi bashi ya jinginar da gidansa, yayansa ya tsaya masa. Da harka ta karye muka aika musu takardar neman biya su biyun. Ni da na ga takardar jingina da jan hatiminta sai na ɗauki alƙalamin maka na rubuta shekara 12 a bangon fayil, tunda dokar wa'adin ƙara ta Abuja, wato wadda ke ƙayyade shekarun da za a iya kai ƙara kotu, haka ta ba takarda mai hatimi, ban tsaya na duba fom ɗin garanto ba, wato yayan da ya tsaya masa, ashe shi sa hannu ne kawai ba hatimi, wa'adinsa shekara 6, kuma lissafi ya fara tun ranar da muka ce ya biya. Wannan kuskurena ne, ban taɓa musu ba.

Amma yayan nan yana zuwa ofis, ya zauna wajen oga a kawo masa shayi, ya ce a ƙara haƙuri sai bayan sallah. Sau biyu ina cewa ranka ya daɗe, a sa shi ya rubuta ya sa hannu cewa ana binsa, ko ya biya wani abu ta akawun, don waɗannan ne ke sabunta wa'adi, alkawarin baki ba ya yi. Oga ya ce Alhaji dattijo ne, kar in kunyata shi.

Gidan ya shiga rikicin takardu, muka koma kan garanto. Lauyansu bai musa ko kwabo ba, kwanan wata kawai ya ƙirga wa alƙali, mun makara da wata huɗu, aka kori ƙarar. Kweri, wato takardar tuhuma ta ofis, ni kaɗai aka ba, oga ko sunansa bai fito ba, ni kuma duk maganar da na yi masa da baki na yi ta.

Ku da kuke nan, kowace jiha da dokarta, Legas ma shekara 6 ne ga marar hatimi, 12 ga mai hatimi, wasu jihohin bashin da ba hatimi shekara 5 ne. Kar ku yi koyi da AMCON, hukumar gwamnati mai karɓo basukan bankuna da suka maƙale, su doka ta cire musu wa'adi. Duk abin da kuka faɗa wa oga ku bi shi da imel.

Fayil 40 da wani abu na bar wa wanda ya gaje ni, kowanne da kwanan wata biyu a bango, na mai bashi daban, na garanto daban.