Wasiƙa Daga Ingila: Katin Rigakafi a Ƙofar Filin Ƙwallo

Assalamu alaikum, 'yan uwana na Sakkwato.

Ina fatan kowa yana lafiya, da iyali, da sanyin hunturu. Tambaya ɗaya ce ta sa na zauna rubuta wannan wasiƙa a farkon watan Fabrairun 2022. Tun watan Disamba, kusan duk wanda ya kira ni daga gida, daga ƙannena na Mabera har abokan da muke kallon ƙwallo tare a Runjin Sambo, sai ya tambaye ni ko gaskiya ne a Ingila ba a barin mutum ya shiga filin wasa sai ya nuna shaidar allurar korona, kuma ko ni ma an tilasta mini yin ta. Wasu sun ƙara da tambayar kuɗin tikiti da abinci da yadda muke sallar Juma'a, kuma zan taɓa waɗannan in wuri ya samu.

Abin da ya faru shi ne, daga ranar 15 ga Disamba 2021, lokacin da nau'in Omikron ya bazu, gwamnatin Ingila ta ce duk taron da ya haura mutum 10,000 sai baligi ya nuna ɗaya daga cikin abu biyu kafin ya shiga: ko shaidar cewa an yi masa allura biyu, ko sakamakon gwajin da ya nuna ba ya ɗauke da cutar cikin sa'o'i 48 da suka wuce. Ke nan ba a tilasta wa kowa allura ba, domin wanda ya ƙi ta yana da hanyar gwaji, kuma a lokacin kyauta ake ba da kayan gwajin. An ɗage dokar ranar 27 ga Janairu, don haka makonni shida kawai ta yi tana aiki. Sai dai makonni shidan nan sun koya mini abin da nake so ku ji tun kafin irinsa ya same ku.

A Sakkwato aka yi mini allurata duka biyu, a wata ƙaramar cibiyar lafiya, kafin in taso. Ma'aikacin da ya cike katin ya rubuta sunan mahaifina yadda ya ji shi a kunnensa, ya bar harafi ɗaya da yake cikin fasfo ɗina, sannan a wurin ranar haihuwa ya sa shekara kawai. Na karɓi katin na sa a aljihu ban ko duba ba, kamar yadda yawancinmu muke yi. A nan kuwa shaidar da ake nema tana cikin waya ne, wani tambari mai ɗigo-ɗigo da na'ura take karantawa, kuma tambarin ba ya fitowa sai an shigar da allurar mutum cikin kundin lafiyar ƙasar. Wanda aka yi wa allura a wata ƙasa sai ya nemi a ba shi rana, ya je da kansa da fasfo da kati, a duba. Na jira kusan makonni uku kafin in sami rana. Na hau jirgin ƙasa na je, matar da ke wurin ta ɗora katin kusa da fasfon, ta nuna mini da yatsa inda sunayen suka saɓa, ta ce cikin ladabi ba za ta iya shigar da shi ba sai na kawo takardar da ta tabbatar mutum ɗaya ne. Na yi mata bayanin cewa a wurinmu suna ɗaya ana iya rubuta shi iri uku da boko, ta saurare ni har na gama, amma kundin da take cikewa ba shi da gurbin wannan bayani. Sai da yayana ya yi zirga-zirga sau huɗu a kan babur zuwa cibiyar nan, ya tarar ranar farko mai rajistar ba ya nan, rana ta biyu ba intanet, kafin a gyara bayanan a aiko mini. Harafi ɗaya ya ci mini fiye da wata guda. Don Allah, duk wanda yake da katin nan a gida ya ɗauko shi yau ya gwada shi da fasfonsa ko katin ɗan ƙasarsa, in akwai saɓani ya je a gyara tun yana kusa da inda aka rubuta shi, musamman masu niyyar aikin Hajji ko karatu a waje.

Saboda haka da gwaji na shiga wasan da na je kallo a ƙarshen Disamba, a wani fili a arewacin ƙasar. Da safe na sa tsinken auduga a hanci, na ɗiga ruwan a kan ɗan allon gwajin, na jira, na shigar da sakamakon a intanet, aka turo mini saƙo a waya. Kulob ɗin ma ya sa kowane mai tikiti ya cike wata takardar a shafinsa tun kafin ranar wasa. An ce mu zo da wuri, na isa sa'o'i biyu kafin a take ƙwallo, na tsaya a layi cikin iskar da ban taɓa jin irinta ba. Sanyinmu na hunturu busasshe ne, yana fasa leɓe da dugadugi, amma da hantsi ya yi sai ya sake mutum. Na nan jiƙaƙƙe ne, yana ratsa riga uku ya zauna a ƙashi, kuma kafin ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufe. Yatsuna sun ƙage har na kasa buɗe wayar da zan nuna saƙon, sai da na hura musu iskar baki. Da na iso gaba kuma, mai gadin ya duba na mutum biyun da ke gabana, ni ya ɗaga mini hannu in wuce, domin ba kowa ake dubawa ba, tsinta ake yi.

A cikin layin nan na ji gardamar da kuke yi a majalisunku, da kalmomi kusan iri ɗaya. Wani dattijo da ke bayana ya ce shekara arba'in yana zuwa filin nan, an yi masa allura uku, amma ransa bai so a ce sai ya nuna takardar lafiya kafin ya zauna a kujerar da mahaifinsa ya zauna ba. Wani matashi ya amsa masa cewa ya fi son minti goma na layi da a koma wasa ba 'yan kallo, kamar yadda aka yi bayan an dakatar da gasar Firimiya ranar 13 ga Maris 2020, aka dawo ranar 17 ga Yuni filaye wayam. Abin da ya fi ɓata wa mutane rai shi ne 'yan wasan kansu. A watan Disamba hukumar gasar ta bayyana cewa kashi 16 cikin 100 na 'yan wasan ba su karɓi ko allura ɗaya ba, kuma a ƙarshen makon 18 da 19 ga watan sai da aka ɗage wasanni shida cikin goma saboda cutar ta shiga ƙungiyoyi. Kocin Liverpool, Jurgen Klopp, ya kwatanta ƙin allura da tuƙa mota cikin maye, yana nufin cutarwar ba ta tsayawa a kan mai yin. A Jamus kuma Joshua Kimmich na Bayern Munich ya faɗa a watan Oktoba cewa bai yi allura ba don yana jiran ƙarin bincike, cutar ta kama shi ta taɓa masa huhu, ya rasa sauran wasannin shekarar, daga baya ya ce zai yi.

Ni dai ra'ayina a fili yake. Na yi allurar, kuma ina ganin taron dubban mutane masu ihu kafaɗa da kafaɗa wuri ne da hukuma take da haƙƙin sa wa ido a lokacin annoba. Ranar 19 ga Fabrairu 2020 kimanin mutum 40,000 suka taso daga Bergamo zuwa Milan a ƙasar Italiya don kallon Atalanta da Valencia, kuma bayan 'yan makonni Bergamo ta zama ɗaya daga cikin garuruwan da cutar ta fi yi wa ɓarna a Turai, har motocin soja ne suka riƙa kwashe gawarwaki. Mu kuma ba baƙi ba ne ga wannan hukunci. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shiga ƙasar da annoba ta sauka da fita daga cikinta, kuma Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham saboda haka. Alhazanmu sun daɗe suna karɓar allurar sanƙarau da ta shawara kafin su hau jirgi, ba wanda ya ce an tauye masa addini. Idan aikin Hajji kansa an taƙaita shi a 2020 da 2021 ga mazauna Saudiyya kaɗai, ban ga dalilin da zai sa a ce ƙwallo ta fi ƙarfin sharaɗi ba.

Duk da haka ba na raina mai tsoron allura a ƙasarmu, domin tsoron yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kimanin 200 a Kano, yara 11 suka rasu a cikin gwajin, kuma wannan tabo yana cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a wasu jihohin Arewa a 2003. Abin da ya dawo da amincewar jama'a shi ne shigowar sarakuna da malamai, ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, aka bi unguwa-unguwa ana bayani ta bakin hakimai da masu unguwa da limamai, har aka kai ga ranar 25 ga Agusta 2020 da aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Akwai kuma rashin adalcin da yake ci mini rai har yanzu. Allurar farko ba ta iso Najeriya ba sai 2 ga Maris 2021, ƙasa da miliyan huɗu ga al'ummar da ta haura miliyan 200, lokacin da Ingila ta yi kusan wata uku tana yi wa mutanenta. Daga baya aka turo mana wadda ta kusa lalacewa, har a watan Disamba aka lalata fiye da miliyan ɗaya a Abuja. A cikin watan Disamban kuma Birtaniya ta sa Najeriya a jerin ƙasashen da ta rufe wa ƙofa na 'yan kwanaki. Wanda aka jinkirta wa allura, sannan aka tsare shi a ƙofa ana tambayar katinta, yana da hujjar jin haushi.

Na yi ta tunanin wannan a lokacin gasar cin kofin Afirka a Kamaru, inda sharaɗin ya fi na Ingila tsanani, domin an nemi allura da gwaji duka biyu, aka kuma taƙaita 'yan kallo zuwa kashi 80 cikin 100 a wasannin Kamaru da kashi 60 a sauran. Na san da yawa daga cikin Hausawa sun tsallaka zuwa Garwa, inda Super Eagles suka ci Masar da ƙwallon Kelechi Iheanacho kafin Tunisiya ta fitar da mu. Washegarin fitarmu, ranar 24 ga Janairu, mutum takwas suka rasu a turmutsutsu a ƙofar filin Olembe da ke Yawunde, kafin wasan Kamaru da Komoros, kuma shugaban hukumar ƙwallon Afirka, Patrice Motsepe, ya ce an rufe wata ƙofa da ya kamata a bar ta a buɗe. Turawa ma ba su tsira daga matsalar ƙofa ba, domin a wasan ƙarshe na kofin Turai a Wembley, ranar 11 ga Yuli 2021, kimanin mutum 2,000 marasa tikiti suka kutsa ciki. Duk wani binciken da aka ƙara a bakin fili yana rage saurin shiga, jama'a kuma suna ci gaba da taruwa a baya suna turi. Shi ya sa a filin da na je aka kafa shinge na farko nesa da ƙofar ainihi, aka ƙara ma'aikata, aka buɗe da wuri.

Idan wata rana hukuma ta ce za ta duba kati a filin wasa na Giginya, ina roƙon masu tsarawa su fara da ƙirga ƙofofi da masu tsaron su kafin su buga sanarwa, su ajiye ma'aikatan lafiya da allura a gefen fili don wanda yake so ya karɓa nan take, kuma a duba na kujerun manya kamar yadda ake duba na yaron da ya tara kuɗin shiga daga sayar da ruwa. Gidajen kallon ƙwallonmu ma sun fi damuna fiye da fili, domin fili a buɗe yake iska tana kaɗawa, gidan kallo kuwa rumfar kwano ce da aka toshe kowace kafa don haske kada ya ɓata hoton talabijin, mutum ɗari a kan benci suna shaƙar numfashin juna na minti casa'in. Mai gidan kallon da ya buɗe tagogi biyu a sama ya ƙara fanka ya taimaki jama'a, a korona da kuma lokacin zafin Maris da Afrilu da sanƙarau ke tashi, wanda ba mu manta da abin da ya yi mana a Sakkwato da Zamfara a 2017 ba.

Game da tikiti, yana da tsada, kuma na manyan ƙungiyoyi samunsa ma wuya ne in mutum ba ɗan rajistar kulob ba ne. Juma'a muna yi lafiya a masallacin unguwa. Maganar abinci sai a wasiƙa ta gaba. Ku gaishe mini da su Inna da Baba da duk 'yan majalisa, kuma a ce wa yayana takardar da ya sha wahala a kanta ta yi aiki, tambarin ya fito a wayata makon jiya.

Wassalam, ɗan uwanku a Ingila.