Mun kulle ɗaki, makullin yana ciki

Asabar, bayan isha'i.

Sai yanzu na samu na zauna. Tun bakwai na safe na fita, har yanzu sanyin ɗakin saba, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe da bayanan kamfaninmu, bai bar yatsuna ba. Yau muka yi gwajin da aka ɗaga har sau uku, na ganin ko za mu iya dawo da bayanan kamfani daga kwafin ajiya in bala'i ya afka, kuma gara in rubuta tun da ɗuminsa, don na san halina, kafin Litinin na gyara labarin ya yi mini kyau.

Manyan sabobi uku ne a ɗakinmu na nan Kano, amma kwamfutocin da ke aiki a cikinsu 38 ne. Kowace da Windows ɗinta ko Linux ɗinta, kowace tana jin ita kaɗai ce a duniya, alhali fayiloli ne kawai kwance a kan faifai. VM muke ce musu. In zan yi wa mutanen gida bayani sai in ce gidan haya ne, gini ɗaya, 'yan haya da yawa, manhajar VMware kuma ita ce wakilin mai gida da ke raba musu wuta da ruwa. Daɗin abin, ɗan hayan nan ana iya kwafe shi sukutum da kayan ɗakinsa, a kai shi wani gida, ya farka ya ci gaba da harkarsa. In kuwa ginin ya faɗi, da su duka yake faɗuwa.

Kowane dare ƙarfe 11 manhajar ajiya tana kwafe abin da ya canza a kowace VM zuwa wani akwatin faifai da ke cikin ɗakin. Daga nan kwafi na biyu ya bi layin intanet zuwa ƙaramin ofishinmu na Abuja, inda muke da saba ɗaya da ke zaman jiran ko-ta-kwana. Ranar Juma'a kuma a juye komai a kan tef. Ƙa'idar da 'yan sana'a ke kira 3-2-1 ke nan: kwafi uku, a kan nau'in ma'aji biyu, ɗaya a wani gari. Wata 14 ke nan kullum da asuba saƙo yana shigo mini da koren rubutu cewa komai ya tafi daidai. Har na saba, ina dawowa daga masallaci nake duba shi, in koma barci hankali kwance.

Na iske Baba maigadi ya naɗe kansa da rawani yana jin ɗumi. Hazo ya yi yawa makon nan, ragar na'urar sanyaya ɗakin ta toshe da ƙura, sai da ni da ɗan bautar ƙasar da aka turo mana muka wanke ta kafin kowa ya iso. Wannan ba ya cikin gwajin, amma ɗakin saba in ya ɗau zafi ba ya jiran kowa.

Oga ya zo tara saura, tare da Hajiya shugabar sashen kuɗi, wadda aka ɗora wa aikin shaida. Littafi ta zo da shi da biro ja. Oga ya kai mu ɗakin taro, ya ce mu ɗauka gobara ta cinye ɗakin saba da asubahin yau, babu abin da ya fita. Kada wanda ya taɓa komai na Kano. Kwamfutar cinya ɗaya, intanet ɗin waya, da abokin aikinmu na Abuja a kan layi, iyakar abin da muka mallaka ke nan.

Yaron ya yi murmushi, a ganinsa wasan kwaikwayo ne. Na ce masa ba almara ba ce. Ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta tashi a cibiyar kamfanin OVHcloud da ke Strasbourg a Faransa, gini ɗaya cikin huɗu ya ƙone ƙurmus, wani ya taɓu. Akwai masu haya a wurin da kwafin ajiyarsu ma yana cikin harabar, suka wayi gari ba uwa ba riba. Can fa Turai ne, ba a maganar janareta da wayar da aka yi wa ɗauri da leda.

Hajiya ta buɗe takardar tsarinmu ta karanta alƙawari biyu da ke ciki. Na farko, komai munin abin da ya faru, ba za a rasa aikin da ya wuce na awa 24 ba. Na biyu, cikin awa 4 manhajar lissafi za ta dawo aiki. Ta ɗago kai ta ce, "Injiniya, wa ya rubuta awa huɗun nan?" Na ce ni ne. Shekara biyu da suka wuce na rubuta, a zaune, ba tare da na gwada ba. Inda ba ƙasa ai nan ake gardamar kokawa.

Ƙarfe 9:15 ta duba agogo ta ce bismillah.

Minti ashirin na farko lafiya lau. Na shiga sabar Abuja, na ware wata kewayayyiyar hanyar sadarwa wadda ba ta haɗuwa da ta gaske, don kada VM da aka tayar ta ci karo da 'yar'uwarta mai rai a Kano, suna ɗaya, adireshi ɗaya. Na nuna wa manhajar inda kwafin yake. Ta gan shi. Sai ta buɗe wani ɗan akwati tana neman kalmar sirrin da aka kulle kwafin da ita.

Ni na saka kullen nan da hannuna, kuma daidai na yi, bai kamata bayanan albashin mutane su yi tafiya tsakanin Kano da Abuja a buɗe ba. Kalmar tana da harafi 32, babu mahalukin da ya haddace ta. Tana ajiye a manhajar da muke adana kalmomin sirri. Hannuna har ya kai kan linzami zan buɗe ta, sai na tsaya. Manhajar nan VM ce. Tana ɗakin da ya ƙone da asuba. Kwafinta kuwa yana nan Abuja lafiya ƙalau, a kulle da kalmar da ke cikin cikinta.

Ɗakin ya yi tsit. Na yi musu bayani sau biyu. Hajiya ta ajiye biro ta ce, "Wato kun kulle ɗaki, kun jefa makullin ciki ta taga, kun tafi kuna murna ba ɓarawon da zai shiga." Oga bai yi dariya ba. Ya tambaye ni tef fa? Na ce, ranka ya daɗe, shi ma kalma ɗaya ce. Ban ƙara da cewa na'urar karanta tef ɗin guda ɗaya ce kuma tana cikin ɗakin ba, shi ya gano da kansa bayan minti ɗaya, na ga fuskarsa lokacin da abin ya faɗo masa.

Da gobarar gaske ce, nan labarin kamfanin zai tsaya. Terabait shida na bayanai cif, ba abin da ya ɓace, ba kuma mai iya karanta ko layi ɗaya. Oga ya ce Hajiya ta rubuta mun faɗi a 9:40, sannan ya ba ni izinin satar amsa. Na buɗe ta Kano na kwafo kalmar, muka ci gaba kamar ba a yi ba.

Kuskure na biyu na gaggawa ne. Don in wanke kaina a idon Hajiya sai na fara tayar da sabar lissafi. Manhajar tana iya kunna VM kai tsaye daga cikin kwafin ba sai an juye ta ba, minti shida ta tashi. Ta tashi, amma ba mai shiga. Duk sunan da aka saka sai ta ce ba ta san shi ba, domin sabar da ke tantance ma'aikata, mai riƙe da sunayen kowa da littafin adireshin sauran sabobi, tana kwance ban tashe ta ba. Na kunna ta. Sai rumbun bayanan lissafin ya ƙi, shi ma ya riga ya nemi sabar tantancewar ya rasa, ya yi fushi ya kwanta. Sai da na kashe komai na bi su ɗaya bayan ɗaya. Jerin wa ke fara tashi kafin wa, a kaina kawai yake, ba a rubuce ba, kuma yau na ga kan nawa ba abin dogaro ba ne in ana tsaye a bayana da agogo.

Bayan azahar aka kawo shinkafa da wake. Muna ci na ba yaron labarin Maersk, katafaren kamfanin jiragen dakon kaya na Denmark. Ranar 27 ga Yuni 2017 mugunyar manhajar da aka kira NotPetya, wadda ta faro daga Yukren, ta shafe musu kwamfutoci a duniya baki ɗaya. Irin wannan sabar ta tantance ma'aikata suna da ita kusan 150, kowace tana kwafar 'yar'uwarta, saboda haka ba wanda ya kawo a ransa duk za su mutu rana ɗaya. Suka mutu. Guda ɗaya ta tsira, a wani ofishinsu na nan Afirka ta Yamma, don an ɗauke wuta lokacin da abin ya afka, ba ta kan layi. Da hannu aka ɗauki faifan a jirgi zuwa Ingila. Shugaban kamfanin ya faɗa daga baya cewa cikin kwana goma suka sake gina saba 4,000 da kwamfuta 45,000, asarar kuma ta kai dala miliyan 250 zuwa 300. Yaron ya ce ashe ɗauke wuta ma yana da ranarsa. Na ce ƙwarai, amma kada ya rubuta shi a cikin tsari.

Ya kuma tambaye ni me ya sa muke wahala, tunda VMware tana ɗaukar wa VM hoton halin da take ciki da dannawa ɗaya. Tambayar da kowane sabon shiga ke yi. Hoton nan yana zaune ne a kan faifai ɗaya da mai hoton, kuma jingine yake da ainihin fayil ɗin, in faifan ya tafi tare suke tafiya. Su kansu masu manhajar sun ce kada a bar shi ya wuce awa 72, don kullum ƙara kumbura yake. Na tuna akwai wanda na ɗauka kafin wani gyara tun damina. Ban faɗa ba. Na rubuta a tafin hannuna.

Ƙarfe 4:25 Hajiya ta saka sunanta, manhajar lissafi ta buɗe. Awa bakwai da minti goma, har da satar amsa. Na miƙe ina shirin yin hamdala, sai ta ce in dakata. Ta nemi rasitan jiya Juma'a, babu. Na Alhamis, babu. Na ƙarshe da ta gani na yammacin Talata ne.

Wannan ya fi na safe yi mini ciwo, don shi ba mantuwa ba ce, lissafi ne da ban yi ba. Layinmu na Abuja megabit 100 ne a daƙiƙa. In ba kowa a kansa, gigabait 45 yake ɗauka a awa, terabait ɗaya kuwa sai ya ci kusan awa 22. A daren da aka saba, abin da ke canzawa bai fi gigabait 70 ba, kafin asuba ya wuce. To ranar Laraba sashen Hajiya suka loda tsofaffin takardun shekaru da aka ɗauka a hoto, kusan gigabait 900. Da rana kuma mun taƙaita wa kwafin gudu don kada ya hana mutane aiki. Tun Laraba yake rarrafe, sauran darare suka yi layi a bayansa. Koren saƙon asuba bai yi ƙarya ba, labarin kwafin cikin ɗaki yake ba ni. Na Abuja ban taɓa cewa ya turo mini rahotonsa ba. Wata 14 ina yi wa rogo kallon kitse.

Oga ya kawo maganar girgije, wato ajiye kwafi a sabobin wani kamfani ta intanet, ko mu kama hayar wuri a ɗaya daga cikin cibiyoyin Legas. Ra'ayina, kwafi na huɗu a can ba laifi, in dai za a iya biya, musamman wanda ba a iya gogewa sai wa'adinsa ya cika, don masu garkuwa da bayanai yanzu ma'ajin suke fara nema kafin su kulle sabobi. Amma nisa ba ya rage girman kaya, duk ta siririn layin nan zai bi, zuwa da dawowa. Na kuma tuna masa ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku huɗu suka katse a gaɓar Kodebuwa, bankuna suka yi ta ba mutane haƙuri. Ya ce in rubuto masa farashi. Hajiya ta ce in rubuto da naira, kada in kawo mata dala.

Abin da ban gaya wa kowa ba tukuna: sabar ajiyar tamu da asusun shugaba ɗaya, wato sunan shiga mai iko a kan komai, ake shigarta da sauran sabobi. Wanda ya sace wannan asusun ya samu gida da rumbu. Litinin zan raba su, in goge hoton damina, in rubuta jerin tayarwa a takarda.

Kafin mu tashi Oga ya aiko da ambulan biyu. Ɗaya zai shiga akwatin ƙarfe na gidansa, ɗaya direba zai kai Abuja. Na rubuta harafi 32 ɗin da hannu, na miƙa wa yaron na ce ya buga abin da ya gani. Manhajar ta ƙi karɓa. Sifilina da harafin O kamarsu ɗaya, ƙaramin l kuma ya karanta shi 1. Na sake rubutawa, na ja wa kowane sifili layi a ciki, na sa ɗigo ƙarƙashin lambobi. Ya sake bugawa, ta ƙi, wannan karon shi ya tsallake harafi. A na uku ta buɗe. Hajiya ta sa hannu a bakin ambulan ɗin da jan bironta, ana kiran magariba muka fito.