Maldives a Kunshin Ejan: Abin da Farashin Talla Ba Ya Faɗa

Kusan duk kunshin tafiya Maldives da na gani a hannun ejan fasalinsa ɗaya ne: hoton ɗaki a kan ruwa, "kwana huɗu, yini biyar", sai farashi a dala da manyan lambobi. Na je ta wannan hanya, na kuma je da shirin kaina. Na sauka a otal mai tsibiri nasa shi kaɗai, na sauka a tsibirin da 'yan ƙasa ke zaune. Abin da na gano shi ne ba ɗakin ne ke yanke tsadar tafiyar ba. Abin da zai ɗauke ka daga filin jirgi zuwa tsibirin, da tsarin cin abinci, da haraji, su ne ke cin kuɗin, kuma su ne ake turawa can ƙasan takarda da ƙananan haruffa.

Shigar ƙasar ba wuya, shi ya sa ma take jan masu fasfo irin namu. Ana buga biza ta kwana 30 kyauta a filin jirgi. Za a nemi tikitin dawowa da shaidar masaukin da ka kama, kuma dole ka cike fom ɗin IMUGA, wato fom ɗin bayanan matafiyi na hukumar shige da ficen ƙasar, a intanet cikin awa 96 kafin saukarka. Kyauta ne shi ma, don haka duk shafin da ya nemi kuɗi a kansa ba na gwamnati ba ne. Wanda ya taso daga Najeriya ko Nijar ya riƙe katin allurar shawara a aljihu, ba a cikin akwati ba, domin ma'aikatan kamfanin jirgi kan nema tun kafin ka hau. Yawancinmu ta Doha ko Dubai muke bi, daga can kuma awa huɗu zuwa biyar ne.

To, daga saukarka a filin jirgin Velana ne lissafin ke farawa. Ƙasar tsibirai ce kusan 1,200, waɗanda mutane ke zaune a kai ba su wuce kusan 200 ba, kuma filin jirgin kansa a tsibirin Hulhule yake. Gadar Sinamale da aka buɗe a 2018 ta haɗa shi da babban birni Male da kuma Hulhumale. Ban da waɗannan, duk inda za ka sai ta ruwa ko ta sama. Manyan otal-otal ba sa yarda ka nemo abin hawa da kanka. Nasu za ka hau, a farashin da suka yanka, kuma kowane kai ake biya, ba kowane ɗaki ba.

Idan otal ɗin yana kusa, jirgin ruwa mai gudu ne, yana aiki dare da rana. Idan yana nesa, ko dai ƙaramin jirgin sama na cikin gida sannan jirgin ruwa, ko kuma jirgin nan mai sauka a kan ruwa. Wannan na ƙarshen shi ne ke rikita shirin mutane. Ƙirar Twin Otter ne, mai ɗaukar mutum goma sha biyar ko kusa da haka, matuƙansa sau da yawa ba takalmi a ƙafa, cikinsa akwai zafi da ƙara har sai an ba ka abin toshe kunne. Kuɗin zuwa da dawowa ɗaruruwan daloli ne ga mutum ɗaya. Kaya kilo 20 aka yarje, sai kilo 5 na hannu, alhali jirgin da ya kawo ka daga gida ya bar ka da fiye da haka. Rarar sai ka biya. Babban abin shi ne ba ya tashi sai da hasken rana. Wanda jirginsa ya sauka bayan kusan ƙarfe uku da rabi na yamma, a Male ko Hulhumale zai kwana da kuɗin aljihunsa, ɗakin da ya biya a can tsibiri kuma ya kwana ba kowa. Na ga ma'aurata a zauren jira suna kiran ejansu a waya kan wannan, shi kuma yana nuna musu cewa takardar ba ta yi alkawarin komai ba. Gaskiyarsa ce. Tikitin ya saya musu mai araha, wanda ke sauka da dare, bai haɗa shi da lokacin jirgin nan mai sauka a kan ruwa ba. Don haka kafin a yanki tikiti, a tambayi otal ɗin kai tsaye wane irin abin hawa ne, kuma ƙarfe nawa na ƙarshe yake tashi.

Sai haraji. Idan ka ga farashi da alamar ++ a bayansa, ba shi ne za ka biya ba. Ana ɗora kashi 10 cikin ɗari na hidima, sannan a ɗora harajin yawon buɗe ido a kan jimillar, wanda ya koma kashi 17 tun 1 ga Yulin 2025. Ban da wannan akwai harajin muhalli: daga farkon 2025, dala 12 ne kowane mutum kowane dare a manyan otal, dala 6 a ƙananan gidajen baƙi na tsibiran jama'a. Ɗauki ɗakin da aka rubuta dala 200. Da kuɗin hidima ya zama 220, da haraji ya zama 257 da 'yan kai, da harajin muhalli na mutum biyu ya haura 281. A kwana huɗu, abin da ka ɗauka 800 ne ya koma sama da 1,125, ba a ma zo kan jirgi ba. Wannan ƙarin na hidima da haraji yana bin komai, har kofin shayi da wankin kaya. Wanda zai je ƙarshen Disamba ya duba ko an tilasta kuɗin liyafar Kirsimeti da ta sabuwar shekara, domin otal da yawa suna cajinsa ko ka halarta ko ba ka halarta ba.

Tsarin abinci haruffa biyu-biyu ake rubuta shi. BB karin kumallo ne kawai, HB karin kumallo da abincin dare, FB sau uku, AI kuma har da abin sha. Ejan zai matsa maka ka ɗauki AI, wai an rufe komai. A ganina, ga wanda ba ya shan giya asara ce, domin babban abin da ya ɗaga farashinsa ita ce. FB ya wadatar, in dai ka tabbatar ana ba da ruwan sha kyauta a ɗaki da wajen cin abinci. BB kuwa a otal mai tsibiri nasa tarko ne: babu shago, babu mai shayi, babu inda za ka leƙa ka sayi burodi, duk abin da suka ce shi ne. Kuma kada sunan ƙasar Musulmi ya sa ka saki jiki a teburin abincin manyan otal. An ba su lasisin giya da naman alade saboda baƙi. Ana rubuta alama a gaban kowane kwano, amma miya da kayan zaƙi ne wurin tambaya, domin a nan ake zuba giya a girki. Ni kifi nake bi, shi ya fi yawa kuma ya fi sabo.

Abin da kunshin ejan bai cika nunawa ba shi ne tsibiran jama'a. Sai a 2009 aka ba 'yan ƙasa damar buɗe gidajen baƙi a tsibiransu, kuma Maafushi ce ta yi fice. Tana kudu da Male, kusan minti talatin zuwa arba'in a jirgin ruwa mai gudu, a kan dala 25 ko sama kaɗan. Akwai jirgin ruwan gwamnati mai arha ƙwarai wanda ke ɗaukar kusan awa ɗaya da rabi, sai dai ba ya aiki ranar Juma'a, wadda ita da Asabar ne hutun ƙarshen makonsu. A irin waɗannan tsibirai babu giya, babu alade, ana kiran salla a lasifika, shaguna kan rufe na ɗan lokaci idan an kira. Masu son iyo da shigar Turawa an keɓe musu gefe guda na gaɓar, an kewaye. Matar da ta shiga ruwa da doguwar riga da ɗankwali ba mai kallonta sau biyu, domin matan garin haka suke shiga. Ga iyali irin namu, nan ya fi kwanciyar hankali, kuma ruwan dai shi ne ruwan. Da safe za a kawo maka mas huni, wato kifin tuna da aka dagargaza da kwakwa da albasa da barkono da ruwan lemun tsami, a ci da roshi, wata gurasa mai faɗi mara kauri. Da yamma shagunan shayi kan cika da ƙananan soye-soye masu kifi a ciki, da ake kira hedhikaa. Tsarin da na fi ganin amfaninsa shi ne a yi yawancin kwanakin a tsibirin jama'a, a ƙare da dare ɗaya ko biyu a ɗakin kan ruwa idan rai na so. Akwai ma otal-otal da ke sayar da izinin yini guda, ka je da safe ka dawo da yamma. Mai ƙananan yara ya tambaya tukuna, domin wasu ba sa ba da ɗakin kan ruwa ga mai yara.

Batun salla akwai abu biyu da ke ruɗarwa. Na farko alƙibla: mun saba fuskantar gabas, amma a can Makka tana arewa maso yamma. Na biyu agogo. Maldives tana gaban Najeriya da awa huɗu, sai dai otal da yawa suna tura agogon tsibirinsu gaba da awa ɗaya don rana ta daɗe ba ta faɗi ba a idon baƙi. Jadawalin salla da tikitin jirginka duk a agogon Male suke, lokacin abinci da na fita yawo kuma a agogon otal. Tambayi mai karɓar baƙi tun ranar farko. Yawancin otal-otal ɗin suna da masallaci a sashen ma'aikata, kuma idan ka nema za a raka ka Juma'a. Wanda ya samu rabin yini a Male ya leƙa tsohon masallacin Hukuru Miskiy, na shekarar 1658, wanda aka gina da dutsen murjani da aka sassaƙa.

Yawon ruwa shi ne ainihin abin da aka je yi, kuma nan ne haɗarin yake. Yawancinmu ba mu iya iyo ba, wanda ya iya ma a kogi ko dam ya koya. Ruwan cikin tsibiri a kwance yake, ka tsaya ka ga yatsun ƙafarka, amma daga bakin murjanin, wato duwatsu masu rai da suka kewaye tsibirin a ƙarƙashin ruwa, ƙasa take yankewa lokaci guda, kuma mashigin da ke tsakanin tsibirai yana da igiyar ruwa mai ja wadda ba a gani daga sama. Ba na shiga sai da rigar kariya, ba na shiga ni kaɗai, kuma idan ruwa ya ja mutum ba a kokawa da shi: a kwanta a kan rigar, a ɗaga hannu, jirgin zai zo. Tabarau na ruwa a gwada shi tun a tudu. Ɗora shi a fuska ba tare da igiya ba, ka ja numfashi ta hanci. Idan ya manne, daidai ne. Mai gashin baki zai ga ruwa na shigowa ta ƙarƙashin hanci komai ya ɗaure, maganinsa ɗan basilin a kan gashin, ba ƙara matse igiya ba. Hazo a gilashin kuma, ɗigon sabulun jarirai a goga a ɗauraye. Kada a taka murjani: yana mutuwa, yana kuma yanka, kuma yankansa saurin ruruwa gare shi idan ba a wanke da ruwa mai daɗi da sabulu nan take ba. Baƙar fata ma rana tana ƙona ta, musamman wuya da bayan ƙafa, tunda rubda ciki ake iyon. Doka ta hana fita da murjani daga ƙasar, kuma ba a son a kwashi ko bawon da ke kan yashi. Abin mamaki, wuri, wato farin bawon nan da aka yi ciniki da shi a kasuwannin Kano kafin kuɗin Turawa, da yawansa daga waɗannan tsibirai aka yi safararsa.

Lokaci iri biyu ne. Daga Disamba zuwa Afrilu rani ne, ruwa a kwance, farashi a sama. Daga Mayu zuwa Nuwamba iskar kudu maso yamma ke kaɗawa, ana ruwan sama, farashi ya sauka; yawancin kunshin da ka gani da arha mai ban mamaki na wannan lokaci ne. Ba kullum ake wuni ana ruwa ba, amma teku na tashi, jirgin mai gudu ya riƙa dukan igiya kamar motar haya a kan titin da ya farfashe. Mai jiri ya sha maganinsa kusan awa ɗaya kafin tashi, ya zauna a baya kusa da inji, ba a gaba ba. Kuma a sa fita yawo a kwanakin farko, domin idan aka soke saboda iska a samu ranar mayarwa. Damina tana da nata amfanin: lokacin ne manyan kifayen manta ke taruwa a Hanifaru, a yankin Baa.

Kuɗi kuma dala za ka riƙe, sababbi, marasa yagewa ko rubutu, domin ana ƙin karɓar tsofaffi. Kuɗin ƙasar rufiya ne, canjin hukuma kusan 15.4 a dala ɗaya, kuma kaɗan kake buƙata don shayi da jirgin gwamnati. Manyan otal kan riƙe wani adadi a katinka ranar shiga, ya ɗauki kwanaki kafin ya dawo, don haka katin naira mai iyaka ba abin dogaro ba ne. Soket ɗin wuta galibi mai ƙafa uku ne irin na Najeriya.

Ranar dawowa ba kai ke zaɓen lokacin barin tsibiri ba. Da daren jajibiri ake turo takarda ta ƙarƙashin ƙofa da lokacin tashi. Idan jirgin mai sauka kan ruwa ne, jirginka na gida kuma na dare, za a kwaso ka tun da rana ka yi awanni a filin jirgi. A daren nan nake karɓar takardar bashin ɗaki in bi ta layi-layi, domin da safe jirgi na jira ba mai sauraron ƙorafi. Wanda kuma ya yi nutso da tukunyar iska ya bar awa 24 tsakanin nutsonsa na ƙarshe da hawa jirgin sama.